Baƙon Kukawa

Shafi na 19

Masu cewa ina jan rai, na ji ku. Wadda ta rubuto cewa in bar Edna ta karɓi gidanta a rufe labari kowa ya huta, ke ma na ji ki, 'yata. Haka manya suka so a yi a wancan lokacin ma. To, mu je zuwa.

*

Azahar ta wuce, amma zafin Jimeta bai sami labari ba. Bazarar 1970 ce, 'yan watanni da tsayawar yaƙin basasa. Hansai na zaune a gindin mangwaron tsakar gidanta a unguwar Dubeli tana ɓarar gyaɗa. Tun da mijinta Malam Mika'ilu ya rasu daminar bara, fatake suka daina sauka a gidan. Ɗakunan baƙi na wajen zaure duk a rufe suke. Ɗansu Ɗantani kuwa ya yi shekaru a Ngaundare ta Kamaru, bai dawo ba.

"Salamu alaikum, Adda."

Edna ce, matar marigayi Ephraim makanikin jirgin fito. Adda take kiran Hansai, wato yaya a bakin Fulani. Ibo ne, sun yi shekaru zana ɗaya ta raba gidansu da na su Hansai, kafin rikicin sittin da shida ya watsa su. Shekaranjiya ta dawo gari, yau da safe kuma kwamitin sulhu ya kira ta.

"Lale, Maman Silas. Ga tabarma. An gama?"

"An gama."

Edna ta zauna, ta kwance bakin zanenta, ta jefa makulli a kan tabarma.

"Sun ba ni."

"Alhamdu lillahi."

"Makulli suka ba ni, Adda. Ƙofa babu. Wani ya cire ya tafi da shi tun tuni, har da na taga. Amma makulli sabo ne, ka gani, yana ƙyalli."

Hausar Edna ta Jimeta ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "ka" ne. Hansai ta so ta daure, dariya ta ƙwace mata.

"Allah ya shirye ki. To, me aka ce a wajen taron?"

"Wani mai kwat daga Maiduguri ya yi Turanci, aka fassara. Nijeriya ɗaya ce. Ba wanda ya ci wani. Modibbo Bobboyi, limamin unguwa, ya yi addu'a, Fasto ya yi nasa. Aka tafa. Mai hoto ya ce in yi dariya."

"Kin yi?"

"Na nuna masa haƙoran da yaƙi ya bar mini. Ya ɗauka."

Hansai ta tashi ta ɗebo kunun gyaɗa a kwano, ta ajiye mata. Edna ta kurɓa sau ɗaya, ta rufe ido. Ta daɗe ba ta buɗe ba.

"Kekenki na ɗinki yana ɗaki," in ji Hansai. "Ban bar tsatsa ta taɓa shi ba. Tukwanenki ma, da akwatin yara. Bari in..."

"Adda, ka zauna."

Hansai ta zauna.

"Ba keke ya kawo ni ba. Ba gida ya kawo ni ba. Kwana nawa ina cikin mota, soja na sauke mu a kowace gada, ka ce don tukunya ne?"

"To, mene ne?"

"Baban Silas."

Hansai ta ja faifan gyaɗa kusa da ita. Hannu na son abin yi.

Edna ta ce, "A wurinmu, namiji ba ya kwanciya a ƙasar wasu. Gidan ubansa ake kai shi, a binne shi inda aka binne cibiyarsa. In ba a yi ba, bai iso ba. Ni kuma ban fita takaba ba. Silas ya girma, ya ga yarinya, amma ba zai yi aure ba uba na waje. Uwar Ephraim ya tsufa, ido ya tafi, yunwa bai kashe shi ba, bom bai kashe shi ba. Ya ce ba zai mutu ba sai ya taɓa ƙasar kabarin ɗansa."

"Allah sarki."

"Dangi sun zauna. Suka ce tunda ba gawa, a saro kututturen ayaba, a sa masa riga, a binne a madadinsa. Haka ake yi wa wanda ruwa ya ci."

"Kika ce me?"

"Na ce ban auri ayaba ba."

Wani mangwaro ya faɗo kan kwanon ɗakin girki, ba wadda ta waiwaya.

"Yau na tambayi kwamiti," Edna ta ci gaba. "Na ɗaga hannu kamar 'yar makaranta. Na ce ina aka kai mutanen da aka kashe? Mai kwat ya duba agogo. Modibbo ya ce, 'Madam, haƙuri. Abin da ya wuce ya wuce.' Wani daga baya ya ce kogin Binuwai ne ya tafi da su."

Ana cewa haƙuri maganin zaman duniya. Ni ban musa ba. Sai dai na tsufa ina lura, wanda aka cuta kaɗai ake ɗura wa wannan magani, wanda ya yi cutar ko ɗanɗanawa ba a sa shi yi.

Edna ta matso, ta ɗora hannunta a kan faifan, ta tsayar da ɓarar.

"Ka dube ni, Adda. Kai ka jawo ni da yara ta ƙarƙashin zana ranar nan. Mijinka ya kai mu bakin ruwa, ya sa mu a kwale-kwale zuwa Garwa, can Kamaru. Na bar Ephraim kwance a ƙofar gida. Ba ku tafi ko'ina ba. Da gari ya waye, me kuka gani? In ruwa ne, ka ce ruwa ne, in koma in saro ayaba."

Kalma ɗaya ce, kuma mai sauƙi. In Hansai ta ce "ruwa", Edna za ta yi kuka ta share, ta koma Gabas, a binne ayaba, sunan Malam Mika'ilu ya zauna fes kamar yadda ya bar shi. Shi ya rantsar da ita, har a ciwon ajalinsa ya sake tuna mata. Ta buɗe baki da niyyar faɗin kalmar.

"Ba ruwa ba ne," ta ji bakinta ya ce.

Edna ta ɗauke hannunta daga kan faifan.

"Ki bar ni in faɗa a jere, kada ki katse ni. In kika katse ni ba zan iya ɗorawa ba."

"Ina ji."

"Malam ya dawo daga bakin ruwa ya same shi inda kika bar shi. Ya riga ya cika. Da safe mota ta fara bin unguwa tana kwashe mutane, ana jibga su kamar itace, ba wanda ya san inda ake kai su. Malam ya ce, mutumin da na ci gishirinsa ba zai hau motar nan ba. Ya jawo shi ta zaure, ya sa shi a ɗakin baƙi, na ƙarshen can."

Edna ta juya ta dubi ɗakin. Ƙofar langa-langa ce, an ɗaure ta da waya.

"Kin san sana'arsa. Mai masaukin fatake ne. Mutum ya taso daga Barno ko Bagarmi da kifi ko kanwa, ciwo ya kama shi a hanya, ya mutu a gidan nan, ba dangi ba kowa. Mai masauki shi ne uwa, shi ne uba. Shi ke wanka, shi ke sutura, ba mai tambayarsa. Mun yi haka ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba."

"Adda..."

"Na ce kada ki katse ni. Ya wanke shi da hannunsa. Ni na ɗinka likkafani. Ya fita ya gaya wa Modibbo Bobboyi cewa baƙonsa, wani mai kifi daga Kukawa, zazzaɓi ya kashe shi. Da hantsi aka fito da makara ƙofar gida. Aka yi sahu. Aka kai shi maƙabartar bayan gari, da rana tsaka, kowa na gani."

Hansai ta sauke numfashi.

"Shi ke nan. Yanzu ki yi magana."

Edna ta daɗe tana kallon kunun da ke gabanta.

"Kun yi masa salla."

"An yi."

"Ephraim. Mai buga ƙararrawar coci."

"Shi."

"Modibbo a gaba?"

"A gaba."

Sai ga wata irin dariya ta fito wa Edna ta hanci. "Da ya sani, da ya tashi da likkafani ya ruga." Ta rufe baki da hannu, kafaɗunta na rawa. Hansai ba ta iya gane inda dariyar ta tsaya kuka ya karɓa ba. Ta bar ta.

Da Edna ta ɗago, idonta ya canza.

"Wa ya ba ku izini?"

"Ba kowa."

"Mutum ya rayu da addininsa, an kashe shi, ku kuma kun canza masa suna, kun canza masa gari, kun canza masa Allah."

"Ba wanda ya canza masa Allah, Maman Silas. Mu wa, da za mu iya? Wa za mu tambaya izini? Kina kan ruwa. Fastonku ya ɓuya. Karnuka muka hana, da motar nan."

"Shekara kusan huɗu ina mafarkin kifi na cin fuskarsa. Da ka aiko ko da baki ne ta wajen masu kwale-kwale."

"Ina zan aika? An ce Garwa, an ce kun wuce, daga nan aka ce yaƙi."

"To, shekaranjiya fa? Na shigo gidan nan, ka rungume ni, ka yi kuka, ka ba ni tuwo. Ba ka faɗa ba."

Hansai ta sunkuyar da kai.

"Tsoro," ta ce daga baya. "In Modibbo ya ji an sa shi ya sallaci wanda ba Musulmi ba, da yaudara, sunan Malam ya ɓaci yana kwance ba ya iya kare kansa. Kuma akwai waɗanda in suka ji, ba za su jira ki ba. Su za su je su tone shi su yar."

Edna ta ja dogon numfashi. Ta ɗauki kwanon ta shanye kunun tas, kamar mai shirin tafiya.

"Na ji. Malam ya yi abin da ya iya. Allah ya san sauran. Tashi ka kai ni."

"Ina?"

"Wurin kabarin."

"Ban san shi ba."

"Ka ce me?"

"Mace ba ta bin gawa, Maman Silas. Iyakata zaure. Ko kabarin Malam, mijina na shekara talatin, ban san inda yake ba."

"Ba dutse? Ba suna?"

"Ba ma sawa. Tudun ƙasa ne, damina biyu ta baje shi."

Muna alfahari da wannan, mu kan ce a maƙabartarmu sarki da talaka duk ɗaya. Magana ce mai kyau, maza ne suka yi ta. Su sun san inda kowa yake, da ƙafarsu suka je.

Edna ta ce, "To, wa ya je?"

"Ba yawa. Gari a tsorace yake ranar. Modibbo ya yi salla ya koma gida, ƙafarsa ba ta kai shi maƙabarta. Malam ya je. Fatake biyu suka kama makara, su kuwa sun koma ƙasarsu tun waccan kakar."

"Sai wa?"

Hansai ta koma ɓarar gyaɗarta.

"Kabari ba ya tona kansa, Adda. Wa ya haƙa?"

"Bawa."

Edna ba ta ce wane Bawa ba. Bawa ɗaya ne a layin: ɗan dako a bakin jirgi a da, dogo, mai yawan raha, wanda ke ɗaukar wa Ephraim akwatin kayan aiki.

"Bawa da nake zuba wa shinkafa ran Kirsimeti."

"Shi."

"Na gan shi ranar. Ta hujin zanarka na gan shi. Ƙarfe ne a hannunsa, yana gaba."

"Na sani. Ni ma na gani."

"Ya kashe da yamma, ya haƙa da safe."

"Bai san wa yake haƙa wa ba. An ce baƙo ya mutu, ya ɗauki diga don lada. Malam bai iya ce masa a'a ba, da ya ce, da an tambayi dalili."

"Lada," in ji Edna. Ta juya kalmar a bakinta kamar tsakuwa a shinkafa. "Yau ma yana wurin taro. A baya, jikin taga. Ya tafa."

Ta miƙe, ta gyara ɗaurin zane.

"Ina yake zama?"

"Tubali yake bugawa yanzu, a kududdufin gangaren ruwa. Tsaya, Maman Silas. Ba haka za a yi ba. Ni zan je. In ce masa dangin mai kifin nan sun aiko daga Kukawa, suna so a nuna wa ɗansu kabarin ya yi addu'a. Ya kwatanta mini, ke kina nesa. Daga nan sai mu san dabara."

"Wata ƙaryar kuma."

"Ƙarya ce ta adana miki shi har yau."

"Haka ne. Ka yi ƙaryarka, ba zan hana ka ba. Amma zan tsaya kusa da kai. Na gaji da leƙe ta bayan zana."

Hansai ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafi. Tun da ta fita takaba ba ta wuce bakin layi ba.

*

La'asar ta yi lokacin da suka fito. Suka wuce gidan Edna, awaki biyu na kwance a inda ƙofa take a da. Wata mai ƙosai ta ɗago ta ce, "A'a, Madam! Yaushe a gari? Ina yara?" da murna ta gaske. Edna ta amsa mata da kyau, har ta tambayi nata yaran da sunayensu. Abin da ke da wuyar bayani game da garin nan ke nan. Masu murnar ba ƙarya suke ba, kuma duk suna nan ranar.

Binuwai ya janye can tsakiya, ya bar yashi fari fat. A gangaren, inda ƙasa ke da yumɓu, an jera tubali suna shan rana. Bawa na cikin rami har ƙugu yana kwaɓa laka da ƙafa, shi kaɗai. Ya rame, furfura ta fito masa ba lokacinta ba.

Ya gan su tun daga nesa. Bai fito ba, bai gudu ba. Ya dai daina taka lakar.

"Goggo Hansai. Ke ce da kanki a rana haka?"

"Ni ce, Bawa. Ya aiki?"

"Da godiya." Ya ɗan rusuna, idonsa a ƙasa. "Madam, sannu da zuwa."

Edna ta tsaya kusa da Hansai tana kallonsa.

Hansai ta gyara murya. "Wata 'yar magana ce ta kawo ni. Ka tuna wani baƙon Malam, mai kifi, mutumin Kukawa, da ya rasu a gidanmu shekarun baya? Kai ka haƙa masa."

"Na tuna."

"To, danginsa ne suka aiko. Ɗansa zai zo, yana so..."

"Goggo."

"Yana so a nuna masa wurin, ya yi..."

"Goggo, ki bar maganar Kukawa. Kin girmi wannan."



Bawa ya goge hannu a jikin wandonsa, laka ta ƙaru maimakon ta ragu.

"Ku mata ba ku san abin da ake yi a can ba, shi ya sa. Ba ajiye mutum ake yi a juyo ba. Wanda ke cikin rami shi ke karɓar gawa. Ya kwantar da ita gefen dama, ya fuskantar da ita gabas, ya kwance ƙullin ƙafa, ya kwance na kai. Malam ya so ya shiga da kansa. Ya ce in fito. Na ce haba Malam, da girmanka, da ciwon bayanka, ga ni a ciki? Fataken nan ma suka ce ya bari. Ba yadda ya iya."

Bawa ya ci gaba, idonsa a kan laka.

"Yadin bai isa ba, Goggo. Mutumin dogo ne. Ina kwance ƙullin kai, sai ya buɗe."

"Ka gan shi," in ji Hansai, da ƙyar.

"Kamar yadda nake ganinki. Na ɗaga kai, Malam na tsaye a bakin rami yana dubana. Ni ban ce komai ba, shi bai ce ba. Na rufe fuskar. Na gyara masa kwanciya. Aka miƙo itace na jera, aka miƙo laka na liƙe. Har Malam ya rasu muna gaisawa kullum, ba mu taɓa tada maganar ba."

"Bai gaya mini ba."

"Ba zai gaya miki ba."

Sai a nan Edna ta yi magana. Muryarta a kwance take, kamar mai tambayar kuɗin tumatir.

"Ka san inda yake?"

"Na sani, Madam. Duk damina ni nake zuwa in tada masa ƙasa, in cire ciyawa. Ban taɓa bari..."

"Ban tambaye ka wannan ba. Ka ajiye shi, ka gaya wa Allahnka. Ka san wurin?"

"Na sani."

"Fito ka kai ni."

Bawa ya dafa bakin ramin, amma bai hau ba.

"Zan kai ki. Ko ba a bar ki kin shiga ba, zan tsaya a kansa ki hango ni daga bakin hanya. In kin ce a tono shi, ni zan tono, ni na san yadda na jera itacen. Amma ki sani, maƙabarta ba daji ba ce. Ranar da na sa diga a wurin, gari zai taru. Za a ce wane ne a ciki. In aka ji wane ne, Modibbo zai ce yaya aka yi. In aka ce yaya aka yi, dole wani ya ce wa ya kashe shi."

"Yau da safe ba wanda ya ce."

"Yau da safe ba gawa a gabansu."

Edna ta matsa har bakin ramin. Inuwarta ta faɗa kansa.

"To, ni na ce. Wa ya kashe shi?"

"Tun da aka yi abin nan, ba mahaluƙin da ya yi mini tambayar nan. Na yi ta jira. Na zaci ɗan sanda ne zai yi."

"Ni ce na yi. Amsa."

"Ni na fara bugu. Ba zan ɓoye ba, kin gani da idonki. Na buge shi a kafaɗa ya durƙusa. Daga nan aka janye ki, ba ki ga sauran ba."

"Sauran fa?"

"Mu biyu ne a kansa. Ba nawa ne ya ƙarasa shi ba."

"Na wa?"

Bawa bai dubi Edna ba. Ya juya ga Hansai, a karo na farko ya dube ta ido cikin ido.

"Goggo, ki koma gida. Ki bar ni da Madam."

"Ba inda za ni. Da ni aka fara, da ni za a gama. Faɗi."

"Kin tabbata?"

"Na ce ka faɗa, Bawa."

Jirgin fito ya yi ƙaho daga tsallake. Da ya gama, Bawa ya ce:

"Kin taɓa tambayar Malam dalilin da ya sa, ana dawowa daga maƙabarta, ya haɗa ɗanku Ɗantani da fataken nan zuwa Ngaundare, ya ce masa kada ya dawo?"

A hankali Edna ta juyo ta dubi Hansai.